Yadda Ake Tattara Tarihin Malami Marubucin Waƙa Kuma Ɗan Siyasa a Ƙasar Kebbi

Da wuya ka sami gunduma a ƙasar Gwandu, Argungu, Yawuri ko Zuru da ba ta yi irin mutumin nan ba: malamin firamare ne, ya rubuta waƙoƙin kishin ƙasa da yara suka riƙa rerawa a fareti, daga baya ya yi kansila ko sakataren jam'iyya a garinsu. Manya irin su Alhaji Shehu Shagari, wanda ya riƙe hedimasta a Argungu kafin ya tafi majalisar tarayya a 1954, ko Alhaji Aƙilu Aliyu, haifaffen Jega da ya yi wa NEPU waƙa daga Kano, sun sami masu rubuta tarihinsu. Na ƙauye kuwa abin da ya bari adaka ce guda ta takardu, kaset biyu ko uku, da baitocin da tsofaffin ɗalibansa suka riƙe a ka. Gara na cin na adaka, mutuwa na ɗibar masu haddar.

Rayuwar irin wannan mutum igiya uku ce aka tufka: waƙa, aji da majalisa. Kowace tana da takardunta a wuri daban, kuma iyali kan cakuɗa su idan suna ba da labari. Aikinka shi ne ka warware su, ka ɗaura kowace waƙa da kowane muƙami a kan shekararsa, sannan ka sa kowace igiya ta zama shaida a kan 'yan uwanta. Tarihin da ba a yi masa haka ba yabo ne kawai, ya fi dacewa da ranar addu'ar arba'in.

Shiga gida

Kada ka fara da adaka, fara da mai gida. Nemi babban ɗa ko ƙanen marigayin da ke riƙe da gidan, ka je da wanda suka sani, zai fi kyau a ce tsohon ɗalibin malam ne. Zuwan farko gaisuwa ce da bayanin niyya, ba a fito da rikoda. Idan rasuwar ba ta daɗe ba, bari matansa su fita takaba, wata huɗu da kwana goma, kuma ka tambaya ko an raba gado, domin littattafai da takardu suna cikinsa. Wanda ya buɗe maka adaka kafin rabo zai iya jawo maka rigimar da za ta rufe ƙofar gidan gaba ɗaya. Ka kuma sanar da mai unguwa ko dagaci. Baƙo mai yawo da jaka yana tambayar wane ne ya yi wace jam'iyya, a wannan zamani, ba a yi masa kyakkyawar fassara.

Rubuta 'yar takardar izini da Hausa, shafi ɗaya: me za ka ɗauka, ina za ka ajiye, wa zai gani, kuma cewa haƙƙin waƙoƙin na magada ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta ba rubutaccen aiki kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, saboda haka mutumin da ya rasu a 1990 waƙarsa tana hannun 'ya'yansa har yanzu. Mutum biyu daga ɗakuna daban-daban su sa hannu idan malam ya bar mata fiye da ɗaya.

Adaka da abin da ke cikinta

Ƙa'ida ta farko: ba a fitar da takarda daga gidan. Duk gidan da aka taɓa aron littafi ba a mayar ba, za ka ga alamarsa a fuskar mai gida tun kafin ka zauna. A zaure za ka yi aikin, a gaban ɗan gida.

Shimfiɗa farin ƙyalle ko baƙi a kan tabarma a inuwa mai haske, tsakanin hantsi da azahar. Wayar hannu mai kyamara mai kyau ta isa. Kashe fitilar kyamara, domin tana ƙona farin takarda ta ɓatar da rubutun fensir. Riƙe wayar a saitin tsakiyar shafi, kada ta karkace, ka bar gefen takardar duka huɗu ya fito. Ɗauki gaba da baya ko da bayan ba komai, don sau da yawa a nan ake samun kwanan wata, lissafin albashi ko tambarin makaranta. Kafin ka taɓa komai ɗauki hoton adakar yadda ka same ta, abin da ke sama da abin da ke ƙasa, saboda yadda malam ya jera kayansa shi ma bayani ne.

Rubutun ajami yawanci warwara yake, ba ɗinki, a cikin gafaka ko tsakanin kwali biyu. Ba lambar shafi. Abin da ke nuna jerin shi ne kalma ɗaya da marubuci kan sa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. Idan ka ga kalmar ba ta dace da shafin da ke biye ba, ko dai an hautsina ko ganye ya ɓace. Kada ka gyara jerin nan take. Ɗauki hoto yadda ka tarar, ka gyara a kwamfuta daga baya. Tawadar gargajiya ta gawayi da ƙaro ruwa na narkar da ita, har gumin yatsa kan ja ta, don haka wanke hannu ka busar sosai, kuma kada kofin ruwa ko shayi ya hau tabarmar.

Abubuwa uku ne suka fi kashe takardun malamai, kuma duk da kyakkyawar niyya ake yin su. Salatif: mannensa kan rine takarda ya ɗauke tawada bayan 'yan shekaru. Liƙe takarda da leda a injin zafi: ba a iya cire ta, kuma zafin kan gasa tsohuwar takarda. Sai fil ɗin ƙarfe, wanda tsatsarsa kan huda shafi a damina. Fil ka cire shi a hankali, salatif ɗin da aka riga aka manna ka ƙyale shi. Sa kowace waƙa a cikin farar takarda da aka naɗe biyu, ka rubuta lamba da fensir a kan naɗin, ba a kan asalin ba. A ɗora adakar a kan bulo ko benci, nesa da bango, a riƙa buɗe ta a duba kafin faɗuwar damina da bayan ɗaukewarta.

Lambar da ka sa a naɗi ita za ka sa wa hoton a kwamfuta, kuma ita za ka rubuta a littafin rajistarka tare da farkon ɗango (wato layin baiti) na waƙar, yawan shafi, ajami ne ko boko, biro ne ko tawada. Hoto 400 da ba su da lamba, bayan wata biyu kai kanka ba za ka san na wace waƙa ba ne.

Kaset

Kafin ka sa tsohon kaset a rikoda, karya 'yan haƙoran nan biyu na samansa idan suna nan, don kada hannu ya kuskure ya danna jan maɓalli a shafe murya. Duba zaren ta tagar kaset. Idan ka ga fari-fari kamar gari, fumfuna ce, kada ka kunna shi tukuna, domin zai ɓata kan rikodar ya shafa wa kaset na gaba. Zura biro mai kusurwa a ramin ka juya zaren da hannu, ka ji ko ya manne. Duba kuma ɗan soson da ke ƙarƙashin zare a tsakiyar bakin kaset. Shi ke danna zare a jikin kan rikoda, kuma idan ya faɗi murya kan fito a dushe kamar daga cikin rijiya. Ana iya ciro na wani kaset a manna. Idan gidan kaset ɗin ne ya fashe, kwance sukurorinsa ka mayar da zaren cikin wani gida mai lafiya.

Goge kan rikoda da 'yar tayar robar da ke jan zare da auduga da sifirit, ka bari su bushe. Yi aiki da wuta tsayayya ko sabon batir. Batir mai rauni kan rage gudun zare, murya ta yi kauri, waƙa ta ja, har ka ɗauka haka malam ke rerawa. Haɗa rikoda da kwamfuta da waya daga ramin abin saurare na kunne, ka ɗauka da manhajar Audacity, wadda kyauta ce. Kara waya a bakin lasifika dabara ce ta ƙarshe, domin za ta kwashi kukan akuya da babur. Ajiye asali a tsarin WAV. Minti ɗaya kan ci kimanin megabayit 10, wato kaset mai minti 90 zai kusa cin gigabayit guda. Daga shi za ka fitar da MP3 na rabawa. Idan za ka tura wa wani ta WhatsApp, tura a matsayin fayil. Ajiye kwafi a wuri uku: kwamfuta, filasha a wani gida, da intanet. Kaset ɗin kuma ka mayar wa masu shi, kada a yar don an juye.

Hira

Jera mutanenka bisa shekaru, ka fara da wanda ya fi tsufa, ko da kana ganin bai fi sani ba. Waɗanda ake nema su ne abokan karatunsa na allo da na elementare, malaman da suka yi aiki tare, ɗalibai daga kowace makaranta da ya zauna, masinjan majalisa ko direba, da mai rera masa waƙa idan ba shi ke rerawa da kansa ba. Matansa da 'ya'yansa mata su ne suka fi riƙe baitoci, don a gabansu yake gwada waƙa da dare, amma mace za ka tura ta yi hira da su a cikin gida. Namiji a zaure, ta bayan labule, gaisuwa kawai zai samo.

Hira kada ta wuce awa ɗaya da dattijo. Gara ka koma sau uku. A farkon ɗauka faɗi rana, wuri da sunan mai magana. Mutum ɗaya ake yi da shi. A taron majalisa mai babbar murya ne ke ba da labari, sauran su ce "haka ne".

Tambayar shekara kai tsaye ba ta haifar da komai sai ƙiyasi. Maimakon "Baba, a wace shekara aka kai shi makarantar garinku?", ka ce "Baba, lokacin da ya zo, ana kashe sule ne ko an koma naira?" ko "Allah shi gafarta Malam, Sardauna na da rai?" Idan mutum ya ce yana da waƙa a ka, roƙe shi ya rera, kada ya faɗa da baki kawai, domin rerawa ke jawo baitin da ya ɓace kuma ita ke nuna karin. Kada ka gyara masa ko da kana da rubutacciyar a jaka. Bambancin da ke tsakanin haddarsa da takarda abin nema ne. Ka ware lokaci kuma: hirar awa ɗaya kan ci awa biyar zuwa shida wajen rubutawa.

Sanya wa waƙa shekara

Nan ne aikin ya fi daɗi, nan ne kuma aka fi yin kuskure. Fara da marufin waƙa. Marubutan da suka yi karatun zaure kan rufe da sunansu, garinsu, yawan baitoci, wani lokaci da ramzi, wato kalmar da jimillar haruffanta ke ba da shekarar hijira. Malaman ƙasar Hausa da lissafin Magariba suke aiki, ba na Gabas ba, kuma haruffa shida ne suka saɓa. A namu shinun 1000 ne, sinun 300, sadi 60, ladi 90, zadi 800, angai mai ɗigo 900. A na Gabas shinun 300 ne, sinun 60. Wanda ya ɗauko jadawalin abjadi daga intanet bai duba ba, zai sami shekarar da ba ta da ma'ana. Gane namu ba wuya: ramzin shekarun 1300 yakan ƙunshi shinun da sinun, na 1400 kuma shinun da harafin ta. Shinun, sinun da fa, misali, 1000 da 300 da 80 ke nan, wato 1380. Ninka shekarar hijira da 0.97 ka ƙara 622, za ka sami ta miladiyya kusa-kusa: 1380 ta ba da 1960. Ta fara ne a ƙarshen Yunin 1960 ta ƙare a Yunin 1961, don haka ranar samun 'yancin kai tana cikinta. Kullum ka rubuta shekara biyu, 1960/61, sai in an ambaci wata.

Inda babu ramzi, waƙar kishin ƙasa kan tona shekarunta da kanta, saboda masu yin ta suna son lissafa jihohi. Jiha 12 na nufin daga 1967, 19 daga 1976, 21 daga 1987, 30 daga 1991, 36 daga 1996. Waƙar da ta kira Birnin Kebbi babban birnin jiha ba ta riga 27 ga Agusta 1991 ba. Waƙar ƙarfafa soja da haɗin kan ƙasa ta fi kama da lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970. Komawa tuƙi hannun dama 1972 ne, naira da kwabo 1973, ilimin firamare kyauta ga kowa 1976, yaƙi da rashin ɗa'a 1984. Gwamnati kan nemi waƙa a kan irin waɗannan, kuma malaman makaranta ne ke amsawa. Sunan sarki bai cika taimako ba a yankin nan: Sarkin Musulmi Abubakar na III ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988, Sarkin Gwandu Haruna Rashid daga 1954 zuwa 1995. Sunan gwamna ko kantoma ya fi matse lokaci.

Ga tarkon. Malami kan sabunta waƙarsa. Wadda ya yi a 1968 da jiha goma sha biyu, sai ya ƙara mata baiti bakwai a 1976 don yara su ci gaba da rerawa. Abu mafi sabunta da aka ambata yana ba ka shekarar wannan kwafin ne kawai. Alamun ƙari su ne canjin biro, baiti a gefen shafi, ko adadin da marufi ya faɗa ya gaza abin da ka ƙirga. Idan kuma marufi ya ce baiti 60 kai kana da 54, shida sun ɓace, koma wurin masu hadda.

Juya rubutu ba tare da karya waƙa ba

Mutumin Jega ko Bunza da Sakkwatanci ya yi waƙarsa, kuma a kan Sakkwatanci ya auna ta. Mai buga rubutu da ya mayar da "munka" zuwa "muka", ko "yat tahi" zuwa "ya tafi", yana ganin gyara ya yi, alhali ya mayar da gaɓa mai nauyi marar nauyi, ɗango ya gurgunce. Haka "shina" da "yana", da "na" da "ta" a inda Kano ke cewa "ne" da "ce", waɗanda sau da yawa su ke ɗauke da amsa-amo. Bar kowace kalma yadda ya faɗe ta. Daidaitacciyar Hausa ta tsaya a bayaninka, kalma mai wuya kuma ka fassara ta a ƙasan shafi.

Ajami yana da alherinsa da wahalarsa. Alherin shi ne yana nuna dogon wasali da alif, wawu da ya, abin da boko ba ya yi, saboda haka da shi ake gane kari. Wahalar kuwa, marubuta da yawa ba sa bambanta o da u, "kura" da "kora" sukan zo da siffa ɗaya, b da ɓ ma haka, kuma kowane malami da harafin da yake sa wa ts. Ɗauki waƙa ɗaya da kake da muryarta a kaset, ka bi ta harafi-harafi, ka fitar da jadawalin hannun wannan marubucin, sannan ka shiga sauran. Mutum biyu ake so: almajirin da ya iya warash, wato salon rubutu da karatun Alƙur'ani na makarantar allo, yana karantawa da ƙarfi, kai kana rubutawa. Bayan an gama, a rera duka. Inda harshe ya yi tuntuɓe, a nan kuskure yake, ko na mai juyi ko na mai kwafe na farko. Kalmar da ta ƙi karantuwa ka bar gurbinta da ɗigo uku. Kada ka cike da taka, komai dacewarta.

Tasa ce ko ba tasa ba?

Samun waƙa da rubutun hannun malam ba ya nufin shi ya yi ta. Malaman Hausa kan kwafe waƙoƙin da za su koyar, kuma ɗalibi kan jingina wa malaminsa duk waƙar da ya fara ji a bakinsa. Da haka waƙoƙin Sa'adu Zungur ko Mu'azu Haɗeja kan koma na hedimastan ƙauye a bakin mutane masu gaskiya. Gwada farkon ɗango da marufi a kan littattafan waƙoƙin da aka buga a Zariya, ka kuma nuna wa malamin adabi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu. Kundayen digiri da na NCE ma ka duba, mai yiwuwa wani ɗalibi ya yi hira da malam yana da rai. Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce daftari mai kashe-kashe da gyara, domin mai kwafe ba ya canza kalma sau uku. Idan tahamisi ne, wato ƙari a kan waƙar wani har kowane baiti ya zama ɗango biyar, ɗango uku na farkon kowane baiti ne nasa, biyun ƙarshe na mai asalin waƙar ne, kuma dole a nuna haka a bugu. Kasa waƙoƙin uku a rajistarka: tabbatattu, masu rinjayen zato, da waɗanda ake jingina masa.

Fayil ɗin koyarwa

Wannan igiyar ce ta fi sauƙi, kuma a kanta za ka rataya sauran. Nemi takardar ɗaukar aiki, takardun canjin wurin aiki, shaidar malanta mai daraja ta uku ko ta biyu, da takardar ritaya. Wanda ya karɓi fansho, akwai jerin wuraren aikinsa a fayil ɗinsa a hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ko ofishin fansho, kuma ɗan gida ne ya kamata ya nema a rubuce. A makarantu tambayi littafin da hedimasta ke rubuta abubuwan da suka faru kullum. A ciki ake samun ranar da malami ya kama aiki, ranar da ya tashi, har ranar da yara suka yi waƙa a gaban baƙo.

Inda takarda take ya danganta da zamani. Na lokacin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, kafin 1967, ka nufi ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, cikin fayilolin Lardin Sakkwato, amma na Zuru a Lardin Neja za ka neme su. Daga 1967 zuwa 1991 hedikwata Sakkwato ce, ta Jihar Arewa maso Yamma sannan ta Jihar Sakkwato, don haka ka leƙa Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu. Tsoffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara a 1939 kuma ta riƙa buga waƙoƙi da wasiƙun malamai, ka tambaye su a Gidan Arewa, Kaduna. Shekarar haihuwa da ke fayil kada ka amince da ita kai tsaye. Yawanci ƙiyasi ne aka yi ranar shiga makaranta, wani lokaci an rage don a daɗe a aiki. Rubuta "wajen 1935", ka faɗi inda ka samo.

Da jerin makarantu a hannu, koma kan waƙoƙi. Wadda ta ambaci kogi da masunta, a shekarun da yake Yawuri ko Argungu ta fi zama. Idan fayil ya ce yana Kamba a lokacin da ɗalibin Zuru ke cewa ya koya masa, ɗaya daga cikinsu ya yi kuskure, kuma sai ka nemo na uku.

Siyasa

A nan iyali kan so a taƙaita, kai kuma a nan za ka tsananta bincike. Fara da tantance irin muƙamin, domin "ya yi kansila" na ɗauke da abubuwa da yawa. Akwai ɗan majalisar En'e. Akwai kansilan da suka zo da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, waɗanda wasu zaɓarsu aka yi, wasu naɗa su aka yi. Akwai zaɓen Disamba 1987 da ba jam'iyya, da na Disamba 1990 tsakanin SDP da NRC, da na 1996, 1997 da Disamba 1998. Tsakanin waɗannan akwai kwamitocin riƙo da kantomomi. Kansila mai gafaka kuma, mai kula da sashe kamar ilimi ko lafiya, daban yake da kansilan mazaɓa. Takardar rantsuwa, gazet ɗin jiha da littafin zaman majalisa su ke raba gardama. A littafin zama ne za ka ga abin da ya tsaya a kai da gaske: rijiya, ƙarin aji, rabon taki, rikicin burtali. Nemi kuma takardar ajiye aiki ko ta hutu ba albashi. Giɓin shekara biyu ko uku a fayil ɗin koyarwa sau da yawa shi ne zamanin siyasarsa.

Yi hira da aƙalla mutum biyu da suka yi hamayya da shi. Idan ya sauya jam'iyya, daga PRP zuwa NPN ko akasin haka, rubuta, tare da dalilin da kowane ɓangare ya bayar. Za ka kuma tarar da waƙoƙin zambo da habaici da ya yi wa abokan hamayya, waɗanda jikokinsu ke auratayya da nasa a yau. Kada ka ƙona, kada ka ɓoye cewa akwai su, domin mutumin da ya yi waƙar haɗin kan ƙasa da safe ya yi zambo da yamma shi ne ainihin wanda kake rubutawa. Abin da ya shafi manufa da jam'iyya a buga. Baitin da ya taɓa asalin mutum, ko iyalinsa, ko ya zarge shi da laifin da ba a tabbatar ba, a ajiye shi a ma'ajiya, a rubuta a littafi cewa an tsallake baiti kaza. Wannan ya kare ka daga ƙarar ɓata suna, ya kare zumuncin gari.

Rubutawa da bugu

Kafin ka rubuta jimla ɗaya, ja jadawali mai gida huɗu: shekara, makaranta, muƙamin siyasa, waƙa. Layin da ya zo fanko zai nuna maka inda za ka koma. A cikin rubutu bambanta abin da takarda ta ce da abin da aka ji a baki, ka faɗi wanda ya faɗa idan ya yarda. Tarihin ya zo a gaba a taƙaice, shafi 30 zuwa 40 sun isa, waƙoƙi su biyo bisa jerin shekaru, kowace da layi biyu ko uku na inda aka same ta da dalilin yin ta. Sa hoton shafin ajami ko da guda huɗu ne, don mai karatu ya gwada juyinka.

Wajen bugawa a kwamfuta yi amfani da haruffan ɓ, ɗ, ƙ na ainihi. Tsohuwar dabarar nan ta buga q, x da v a canza musu siffa takan tarwatse da zarar an buɗe fayil a wata kwamfuta, "ƙasa" ta koma "qasa". Kai wa maɗaba'a PDF, ka nemi su fitar maka da gwaji a takarda, ka duba ko layukan baiti ba su karye ba. Shafuka su zama ninkin 16, domin haka ake naɗa takarda a inji, kuma ya fi araha. Lambar ISBN daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake karɓa, kuma ana kai musu kwafi uku bayan bugu. Kafin a kai ga inji, karanta wa iyali daftarin gaba ɗaya a zaure, da ƙarfi, har da na cikin gida suna ji. Suna da ikon gyara suna, nasaba da kwanan wata, da kawo hujja a kan abin da suka musa. Filasha ɗaya mai ɗauke da hotuna da muryoyi duka a bar ta a gidan, ɗaya a kai sashen Hausa na jami'a ko kwalejin da ta fi kusa, tare da kwafin rajistar da takardar izinin.